Da an yi gwanjon zangon sadarwa a Kamaru, rezo zai iso ƙauyenmu?

Wani malamin makaranta da ke koyarwa a wani ƙauye tsakanin Mokolo da Mora ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa Najeriya ta yi gwanjon zangon 5G, ta samu ɗaruruwan miliyoyin daloli. Yana so ya san me ake sayarwa a irin wannan gwanjo tun da iska ba ta da mai ita, me ya sa Kamaru ba ta yin haka, kuma in an yi, ko mega za ta yi araha, rezo ya iso inda yake. Ya ce shi har yau sai ya hau dutse kafin ya tura makin ɗalibansa.

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Na yi shekaru ina aikin auna wuraren da ake kafa turakun sadarwa tsakanin Ngaundare da Kusiri, kuma irin dutsen da kake hawa na hau da yawa da na'urar awo a hannu. Amsata a taƙaice ita ce: gwanjo hanya ce mai kyau ta zaɓen wanda za a ba zango a bainar jama'a, ina goyon bayanta. Amma gwanjo shi kaɗai ba zai kawo maka turke ba. Abin da zai kawo shi yana cikin takardar sharuɗɗan da ake liƙa wa lasisin, da kuma ko akwai mai bibiyar a cika su.

Da farko, ba iska ake sayarwa ba. Ka tuna yadda iyayenmu ke murɗa akwatin rediyo da asuba suna neman Landan a kan mita 16 ko 19 ko 25 a gajeren zango. Kowace tasha da gurbinta. In tashoshi biyu suka hau gurbi ɗaya, sai shuuu kake ji, babu wadda za ka fahimta. Wayar hannunka ita ma ƙaramar rediyo ce, tana aikawa tana karɓa. Tashoshin FM suna zaune tsakanin megahaz 87.5 da 108, megahaz kuwa shi ne ma'aunin zango. Wayar salula ta fara a ƙasashenmu a kan 900 da 1800, 3G ta zo a kan 2100, 4G takan zauna a 800 ko 1800 ko 2600, 5G kuwa yawanci a 3500 ake fara ta. Abin da kamfani ke biya wa kuɗi shi ne alƙawarin hukuma cewa wannan yanki na zango, a cikin iyakokin ƙasar nan, na tsawon shekaru kaza, shi kaɗai zai yi magana a kansa, duk wanda ya shigo masa za a kore shi. Haya ce, ba sayarwa ba. Wa'adi na cika, gona ta koma hannun mai ita. Ita kuma ƙasa ba gaban kanta take yi ba wajen ware zanguna: akwai hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba, wadda aka kafa tun 1865, inda ƙasashe ke taruwa duk bayan shekara uku ko huɗu su amince a kan wane zango ne na talabijin, wane ne na jiragen sama, wane ne na waya. Taron 2023 a Dubai aka yi shi.

Zangunan nan ba darajarsu ɗaya ba, kuma nan ne maganar ta fi shafarka. Kamar fadama ce da tudu. Ƙananan zanguna, wato 700 da 800 da 900, suna cin nisa, suna ratsa bangon ƙasa, suna ɗan lanƙwasawa su bi bayan tsauni. Manyan zanguna irin 2600 da 3500 suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa, bishiya ma takan rage musu ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne: in nisan da turke ke kaiwa ya ragu da rabi, sai ka kafa turke huɗu kafin ka rufe filin da ɗaya ke rufewa a da. Saboda haka zangon 3500 da ka ji an yi gwanjonsa a Najeriya na cikin gari ne, na irin cinkoson kasuwar Marwa ko unguwannin Duwala. Ku da ke cikin duwatsun Mandara, fadamarku ita ce 700 da 800. Waɗannan biyun a hannun talabijin na da suke. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar Janiba ta 2006, aka sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa talabijin na dijital, don a kwashe tashoshi daga wurin a ba wayoyi. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba, kuma duk shekarar da aka yi jinkiri, mutanen karkara ne suka biya.

To yaya hukuma za ta zaɓi wanda za ta ba fadamar? Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce kamfanoni su kawo takardu, kwamiti ya zauna ya duba ya ce wane ya fi cancanta. Ba sai na gaya maka abin da ke iya faruwa a bayan ƙofar kwamiti ba. A Indiya, rabon lasisin da aka yi a 2008 ba tare da gwanjo ba ya jawo abin kunya babba, har kotun ƙolin ƙasar ta soke lasisi 122 a Fabrairun 2012. Amurka ta gwada ƙuri'a a shekarun 1980, sai mutanen da ba su taɓa riƙe filaya ba suka yi ta cika takardu, wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya juya ya sayar wa kamfanin gaske, ribar ta shige aljihunsa. Tun 1959 wani masanin tattalin arziki mai suna Ronald Coase ya rubuta cewa a bar farashi ya raba gardama, amma aka yi shekara talatin ba a saurare shi ba. Niyuzilan ce ta fara gwadawa a 1990, kuma ta yi tuntuɓe. Tsarinta shi ne kowa ya rubuta tayinsa a ambulan, wanda ya fi kowa ya ɗauka, amma ya biya kuɗin wanda ya zo na biyu. Ba su sa ƙaramin farashin da ba a sauka ƙasa da shi ba. Aka samu wanda ya taya dala dubu 100 ta ƙasar, ya biya dala 6, don na biyunsa abin da ya rubuta ke nan.

Tsarin da ya zama ruwan dare daga baya an fara shi ne a Amurka a Yulin 1994, kuma Paul Milgrom da Robert Wilson, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, sun samu kyautar Nobel a 2020. Ba kamar gwanjon da ka sani ba ne, inda dillali zai ɗaga kaya ɗaya a taya, a sallama, a ɗauko na gaba. A nan ana baje duk kasonnin zangon a lokaci ɗaya, ana tayi zagaye bayan zagaye, kowa yana ganin inda farashi ya kai, kuma ba a sallama ko kaso ɗaya sai an yi zagayen da babu wanda ya ƙara a kan komai. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sayen shanun noma a kasuwar Adumri. Ba sa ɗaya kake so ba, biyu kake so waɗanda za su ja garma tare. In aka sallama maka na farko kafin ka san kuɗin na biyu, kana iya komawa gida da abin da ba zai yi maka aiki ba. Kamfanin waya ma haka, kasonni masu maƙwabtaka yake so ya haɗa. Akwai kuma doka cewa wanda ya yi lamɓo a zagayen farko ba zai farka a ƙarshe ya ce zai kwashe komai ba, sannan kowa yana ajiye kuɗin kafin alƙalami kafin a buɗe masa ƙofa.

Tun da kai malami ne, na san za ka so jin matsayin abin a wurin malamanmu. Ciniki na wa-zai-ƙara sananne ne a littattafan fiƙihu, bai'ul muzayada suke ce masa, kuma jumhur sun halatta shi. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya yi ta ƙara kuɗi ba don zai saya ba sai don ya ingiza wani. Masu tsara gwanjon zango da wannan cutar suke fama, ita da ƙanwarta, haɗin baki. A Jamus a 1999 wani kamfani ya taya rabin kasonni a kan mak (kuɗin Jamus na da) miliyan 20 kowane megahaz, sauran rabin a kan miliyan 18.18. Dokar ita ce duk mai ƙari ya ƙara kashi 10 cikin 100, kuma in ka ƙara kashi 10 a kan 18.18 za ka samu 20. Abokin hamayyarsa ya gane saƙon, ya ɗauki rabinsa a wannan farashi, gwanjo ya tashi nan take. Ba su gana ba, ba su yi waya ba, da lambobi suka raba.

Gwanjon da ya sa idon ministocin kuɗi na duniya ya buɗe shi ne na Ingila a 2000. Lasisi biyar na 3G, zagaye 150, fam biliyan 22.5. Watanni kaɗan bayan haka Jamus ta tara kusan yuro biliyan 50 a kan lasisi shida. Aka yi ta murna. Amma biyu daga cikin kamfanoni shidan nan na Jamus ba su kai ga buɗe rezon 3G ba, bashi ya danne su. Wanda ya ci gwanjo sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar kayan a ransa, kuma sai ya kai gida yake gane haka. A shekarar dai, Suwizalan ta fitar da lasisi huɗu, masu nema suka yi ta haɗewa da janyewa har suka rage huɗu, aka sayar a kusan farashin buɗe kasuwa. Kaya iri ɗaya, shekara ɗaya, nahiya ɗaya. Bambancin shi ne a Ingila masu nema 13 ne a kan gurbi biyar.

Ka riƙe wannan, don shi ne ya fi bayyana halin da muke ciki. Gwanjo ba ya aiki sai masu taya sun fi kayan yawa. A Najeriya a Janairun 2001 haka abin ya kasance: ƙasa mai ɗimbin jama'a, kusan babu waya, kamfanoni suna rububi. Farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya, na ukun da ya ci bai kammala biya ba aka karɓe, NITEL ta gwamnati aka ba ta nata a wannan farashi. An yi shi a idon 'yan jarida, kuma wannan ya sa masu zuba jari suka yarda da hukumar sadarwar Najeriya, NCC. Na Disamban 2021 da ka ji labari, kaso biyu ne na megahaz 100 a zangon 3500, masu nema uku. An buɗe a dala miliyan 197.4, aka rufe a 273.6, MTN da Mafab suka ɗauka, Airtel ta janye. Da aka sake fitar da wasu kasonni bayan shekara guda, Airtel kaɗai ta tsaya, ba a ma yi tayi ba.

Inda masu nema ba su da yawa, duk ƙarfin yana komawa kan farashin buɗe kasuwa, kuma nan kwaɗayi ke zama mabuɗin wahala. Gana ta fitar da kaso biyu na zangon 800 a 2015 a kan dala miliyan 67.5 kowanne. MTN kaɗai ta iya saya. Ɗaya kason ya zauna a banza, kamfani ɗaya ya yi shekaru yana cin kasuwar 4G shi kaɗai cikin manyan kamfanonin waya, sai a ƙarshen 2018 Vodafone ta sayi rabin kason da ya rage a dala miliyan 30. A Senegal a farkon 2016 an sa sefa biliyan 30, kamfanonin uku suka ce albarka, babu wanda ya taya. Zango ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira ya yi tsada. Na bara da ba a yi aiki da shi ba ya tafi ke nan, kamar damina ce ta wuce gona ba shuka.

Mu a Kamaru, doka ta ɗora kula da harkar a kan hukumar kula da sadarwa, ART, da ma'aikatar gidan waya da sadarwa, kuma hanyar da ake bi ita ce yarjejeniya tsakanin gwamnati da kamfani, tare da kundin sharuɗɗa wanda a ofis ake kira cahier des charges. Kamfanin Viettel na Biyetnam ya samu lasisi na uku a ƙarshen 2012 ta hanyar gasar takardu a kan sefa biliyan 20, ya buɗe da sunan Nexttel a Satumban 2014, aka ba shi wani lokaci yana 3G shi kaɗai. A Maris 2015 MTN da Orange suka sabunta nasu, kowanne sefa biliyan 75 na shekara 15, da izinin 3G da 4G a ciki. Camtel ta gwamnati ta samu nata a 2020. A Cadi ma kasuwar a hannun manya biyu take, Airtel da Moov Africa. Ka ga ke nan ba kyauta aka ba su ba. In ka raba biliyan 75 a kan yawan mutanen Kamaru, sannan ka raba kuɗin lasisin 5G guda ɗaya na Najeriya, wanda ya ɗan haura sefa biliyan 150, a kan mutum fiye da miliyan 200, za ka tarar namu ya fi nauyi a kan kowane mutum, ko da yake kayan da aka saya ba iri ɗaya ba ne. Abin da ya ɓace a namu shi ne ganin ido. Babu wanda zai iya nuna maka yadda aka kai ga 75, ba 50 ko 100 ba. Shi ya sa nake son gwanjo, ko da kuwa masu taya uku ne: a wallafa dokokin tun da wuri, a wallafa wa ya riƙe wane zango, a wallafa abin da ya yi alƙawari.

Maganar ko mega za ta yi araha, nan masana suka rabu biyu. Wasu suna cewa kuɗin lasisi kamar kuɗin da ɗan kasuwa ya biya ne ya kama rumfa. Ya riga ya fita daga aljihunsa, kuma ba zai sayar da sukari fiye da maƙwabcinsa ba don kawai rumfarsa ta yi tsada, masu saye za su wuce shi. Wannan gaskiya ne a kasuwar da rumfuna suke da yawa. Amma abin da na gani da idona a wurin aiki shi ne, shekarar da kamfani ya biya babban kuɗi, kasafin gine-gine ne ke fara raguwa. Akwai shekarar da muka miƙa jerin wuraren da muka auna muka ce a kafa turke, aka dawo mana da takardar an ja layi a kan fiye da rabi, kuma waɗanda aka soke duk na nesa da kwalta ne. Ba mugunta ba ce ta sa. Turken ƙauye ya fi na birni tsadar gini, ya fi tsadar riƙo, kuɗin da yake shigarwa kuma kaɗan ne. Abin da ke sauke farashi da gaske shi ne gasa. 'Yan Najeriya sun ga haka a 2003 da Glo ta shigo da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, abin da aka ce musu ba zai yiwu da wuri ba, cikin ɗan lokaci sauran suka bi. Gwanjon da aka tsara da kyau yana iya taimaka wa gasa: a sa iyaka a kan yawan zangon da kamfani ɗaya zai tara, musamman a ƙananan zanguna, ko a keɓe kaso ga sabon shiga. Wanda aka tsara don tara kuɗi kawai yakan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi nake so ka tafi da shi wurin abokan aikinka. Sharaɗin da aka saba rubutawa a lasisi shi ne kamfani ya kai rezo ga kashi kaza cikin 100 na jama'ar ƙasa. A kunne yana da daɗi. Amma ƙidayar 2005 ta nuna yankunan arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na mutanen Kamaru. Ashe in aka rubuta kashi 65, a lissafi kamfani zai iya cika sharaɗin bai kafa ko ƙarfe ɗaya a arewacin Tibati ba. In aka rubuta 80 ko 90, zai haɗa da Ngaundare da Garwa da Marwa da garuruwan kan babbar hanya, ya tsaya nan. Kai kana cikin ragowar da lissafin ya yafe. Matuƙar ana auna cikawa da jimillar ƙasa, arewa ce za a riƙa barin bashi a kanta.

Akwai ƙasashen da suka gane wannan suka juya tsarin. Da Jamus ta yi gwanjon zangon 800 a 2010, ta ce wanda ya ci ba zai kunna shi a manyan birane ba sai ya fara da ƙananan garuruwan da ba su kai mutum 5,000 ba, sannan ya hau mataki-mataki. Kamfanoni suna ƙishirwar birane, don haka suka gama ƙauyukan da gudu. Faransa a Janairun 2018 ta haƙura da gwanjon da za ta iya yi wajen sabunta lasisi, a madadinsa kowane kamfani ya ɗauki nauyin rufe wurare 5,000 da hukuma da shugabannin yankuna za su nuna. Barazil a Nuwamban 2021 ta yi gwanjon 5G inda mafi yawan kuɗin ba baitulmali ya shiga ba, an mayar da shi aikin da kamfanoni za su yi: rezo a kan manyan hanyoyi, intanet a makarantu. A irin wannan tsari ana taya ne da aiki. Gwamnati tana karɓar kuɗi kaɗan a hannu, kuma na san ministan kuɗin da bashi ya yi wa katutu ba zai so jin haka ba. Amma kuɗin da ya shiga baitulmali a Yawunde yana da hanyoyi dubu da zai bi, turken da aka kafa a Koza kuwa yana nan a Koza.

Da za a tambaye ni, zan ce a rubuta sharaɗin sashe-sashe, Mayo-Tsanaga da nata, Mayo-Sava da nata, Mayo-Rey da Faro da Logone-et-Chari kowanne da nasa, da sunayen garuruwa, da ranar kammalawa, da ƙaramin gudun intanet da za a iya aunawa da waya a tsakar gida. A tilasta wa kamfanoni su raba turke ɗaya a wuraren da ba za su ɗauki biyu ba. Wanda kuma ya riƙe zango bai yi aiki da shi a wani yanki ba, a karɓe a ba wani, ko a bar ƙaramin kamfani na yankin ya yi amfani da shi. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. An ruwaito Sayyidina Umar ya karɓe abin da Bilal ɗan Haris ya kasa nomawa daga filin Aƙiƙ da aka yanka masa, ya raba wa Musulmi.

Sai dai zan zalunce ka in na bar ka da tunanin zango ne kaɗai matsalar. A ƙauyenku zango bai cika ba, fanko ne, babu mai magana a kansa. Abin da babu shi ne turke, da wuta, da hanyar da za ta haɗa turken da sauran duniya. Intanet ɗinmu daga teku yake fitowa, ta Duwala da Limbe da Kribi, ya biyo igiyar fayiba da ke hannun Camtel ya hauro fiye da kilomita dubu, wani sashe ya haye Kusiri zuwa Njamena. Katafila ɗaya ta yanke igiyar a wurin aikin hanya, sai ka ji arewa ta yi tsit, wani lokaci har Cadi. Wuta kuma kowa ya san labarin madatsar Lagdo in ruwa ya ja baya, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ɗan rage zafin. Na taɓa kula da wani turke da ke bayan wani mayo, wato rafi, in damina ta yi nisa motar mai ba ta iya hayewa, sai a ɗora jarkoki a kan babur, wani lokaci a kai da ka. Sau biyu aka fasa ɗakin aka kwashe batura. A wuraren da rikicin Boko Haram ya taɓa kuwa, samun ma'aikacin da zai yarda ya je gyara ma aiki ne. Akwai asusu na musamman na sadarwa da kamfanoni ke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki duk shekara, an kafa shi ne don irin wuraren nan da kasuwa ba za ta kai kanta ba. Haƙƙinku ne ku tambayi nawa ya shiga, nawa ya iso arewa.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙari. Igiyar rediyo ba ta san kogin Lagon ba. Mutumin Kusiri wayarsa takan kama rezon Njamena, na Fotokol ta kama na Gamboru, kuɗinsa ya tafi a matsayin wanda ya yi tafiya alhali yana ɗakinsa. Duk zangon da za a yi gwanjonsa a nan, sai an zauna da Cadi da Najeriya an raba gurabe an rage ƙarfin eriya, in ba haka ba wanda ya saya ya sayi rigima.

Lasisin 2015 shekara 15 ne, wato a 2030 zai ƙare, kuma maganar 5G tana tafe. Ba a fafe gora ranar tafiya, sharuɗɗan ana rubuta su ne shekaru kafin ranar sa hannu. Jama'a kuma ba a rasa jin muryarsu: a 2023 da mutane suka yi ta sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama da tsakar rana don nuna fushi ga kamfanonin waya, ba a daɗe ba ART ta ci kamfanonin huɗu tarar da ta kai sefa biliyan 6 gaba ɗaya. Abin da zan ba ka shawara, Malam, ka samu littafi guda. Ku malaman yankin ku rubuta sunan kowane ƙauye, da kimanin yawan mutanensa, da makaranta ko asibitin da ke ciki, da inda ake tsayawa kafin a samu rezo, da wane kamfani ne ke kamawa, da ko kira kawai ake iya yi ko har intanet. Wayoyin yanzu suna nuna lambobin wuri a taswira ko babu rezo, ku rubuta su a gefen kowane suna. Ku sa lawan da magajin gari su sa hannu, ku kai kwafi ofishin ART na Garwa, ku ba ɗan majalisarku kwafi, ku riƙe ɗaya. Lokacin da nake zana taswirar inda za a kafa turke, ƙauyen da ke da lambobi da sa hannun hukuma a kan tebur shi ne ya fi wuyar sokewa.